Sufeto Bai Ci Cukun Baba Nedyalka Ba

A gyara zama, a kashe rediyo, mai tari ya fita waje ya yi abinsa. Ga Baba Nedyalka tafe, uwar garke mai saniya guda, shugabar masu cukun ƙauyenmu tun ranar da sauran masu cukun suka mutu, mace ɗaya tilo da gwamnati ke turo mota takanas daga babban birni don a gaida dabbarta. Tsayinta bai wuce na turken saniyarta ba, amma muryarta tana tsallaka kogin kan iyaka ba fasfo.

An haife ta tun ba a kafa tashar nukiliya ba. Inda dogon bututun nan mai ja da fari yake tsaye yanzu, nan gonar kankanar ubanta take. Aka karɓe gonar, aka ba uban takardar yabo, aka ba 'yar aikin feraye dankali a kicin ɗin ma'aikata. Can ta haɗu da Dimcho mai walda, ta aure shi, ta haifa masa 'ya ɗaya, Zornitsa. Ta binne shi, ta yi ritaya, ta koma wa shanu.

To, hukumar da ke sa ido kan tashar tana da wata doka: kowane wata sai an auna madarar saniyar da ke kiwo kusa da katanga, domin in wata guba ta sulale ta sauka a ciyawa, a madara za ta fara nuna kanta. Da can abin ba wuya, shanu sun fi mutane yawa. Sai samari suka watse, wasu Sifen tsinkar lemo, wasu Jamus wankin tsofaffin wasu, nasu tsofaffin kuma suka gaji suka sayar da dabbobi. Aka wayi gari babu mai kukan saniya a yankin sai Sivka, wata toka-toka mai taurin kai irin na mai ita.

Haka Sivka ta zama ma'aikaciyar gwamnati ba albashi. Duk wata wata yarinya daga ɗakin gwaji, Radostina, takan zo da kwalba, ta cika, ta zauna ta sha kofi a ƙarƙashin rumfar inabi. Baba kuwa ta mai da abin kirari. Ranar kasuwa sai ta buɗe bokiti ta kwarara murya: "Cuku mai shaidar gwamnati! Na kanti wa ya auna muku shi?" Matan injiniyoyi har layi suke yi.

Sai wata bazara bututun da ke ɗauke da ruwan sanyaya tukunyar nukiliyar tashar ya tsage, ruwa ya yi ta tsiyaya. Manyan tasha suka yi gum, suna fatan su liƙe abinsu ba tare da an kashe tukunya ba. Magana dai ta fita, hukuma ta turo Sufeto Harizanov, wani siriri mai tabarau, wanda ke yawo da abincinsa a kwano da ruwansa a gora. Ya shiga, ya duba, ya sa aka kashe tukunyar. Daraktan tashar ya gasa masa rago, sufeto bai ko leƙa ba. Ƙauye ya ɗauka: "An turo mana wanda ba ya ci!" Baba ma ta yaba. Ta ce rabonta da ganin namiji irin wannan tun Dimcho, shi ma kafin aure.

Amma sufeto mutum ne mai bin diddigi. Yana so ya tabbatar ko ɗigo bai kai gona ba, kuma saniya ɗaya ce a yankin. Saboda haka kwalbar wata-wata ta koma ta kullum. Ba Radostina kaɗai ba kuma: farar mota, maza cikin fararen kaya har ka, da safar hannu, da na'ura mai ƙyas-ƙyas. Su ɗebi madara, su yanki ciyawa, su kwashi ƙasa, har kashin Sivka suka riƙa naɗewa a leda kamar tsarabar biki. Ƙauye kuma yana bakin shinge yana kallo.

Ranar kasuwa Baba ta buɗe bokiti, ta yi kirarinta. Matan injiniyoyi suka wuce suna duba waya.

Penka maƙwabciyarta, wadda suka yi makaranta tare, ta tsaya nesa kaɗan. "Nedyalka, ni fa likita ya hana ni gishiri."

"Jiya na gan ki da kifin gishiri, Penka."

"To, yau ya hana ni."

Wanda ya fi ciwo daga Zornitsa ya zo. Ta kawo jika hutun mako, Baba ta dafa masa madara, uwar ta janye kofin a hankali ta zaro ta kwali daga jaka. "Mama, kar ki ji haushi. Har dai a gama binciken." Baba ta shanye kofin a tsaye, da zafinsa.

Aka gama binciken. Madara tsaf, ciyawa tsaf, ruwan bai wuce ginin tasha ba. Hukuma ta sa sakamakon a shafinta na intanet, cikin irin yaren da ko Radostina sai ta sa yatsa take karantawa. Wa zai bar abin da ya gani da idonsa ya kama wannan? Gani ya kori ji.

Baba ta yi shawara da kanta a gindin saniya. Idin Waliyyi Georgi ya ƙarato, ranar makiyaya, ranar da ake shimfiɗa tebura a harabar coci, fada, limamin cocin, ya sa wa sabon cuku albarka, kowa ya ci na kowa. A wannan rana ko maƙiyinka ya miƙo maka ba ka mayar da hannunsa. Magajin ƙauye ya gayyaci sufeto. In mutumin da ya auna ya ci a gaban jama'a, magana ta ƙare, ta riƙe saniyarta, ta riƙe sunanta.

Ta yi cukun da ba ta taɓa yin irinsa ba. Ta sa farin ɗankwali, ta ɗora shi a faranti da burodi, ta ratsa tebura har inda sufeto yake tsaye da gorarsa. Surutu ya mutu.

"Ɗana, kai ka auna, ko?"

"Ni na sa aka auna, Baba."

"Me ka gani?"

"Babu komai. Lafiya lau take." Ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Madarar Baba Nedyalka ba ta da komai!"

Daga bayan taro Penka ta ce, "Faɗa ai ba ta da wuya."

Baba ta miƙa faranti. "To sa hannu."

Sufeto ya dubi cukun. Ya mai da hannayensa baya.

"Baba, ki yi haƙuri. Doka ta hana ni cin komai daga hannun wanda ke cikin bincikena."

"Bincike? Ni na fasa muku bututun?"

"Ba ke ba ce. Amma gidanki yana ciki."

"Loma ɗaya, ɗana. Ba rago ba ne."

"In na ci loma ɗaya a nan, gobe darakta zai ce da baki na zo, farashina ne bai gano ba. Su kunna tukunyar, babu mai jin maganata kuma."

Gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan. Da ɓarawo aka turo mana, da ya cinye farantin har ya nemi na guzuri. Baba ta tsaya da hannu a miƙe. Fada ya shiga gyaran gemu. Wani ya yi tari. Ta juya, ta ratsa teburan nan da cukunta, babu wanda ya kira ta.

Kafin rana ta faɗi labari ya kai ƙauyuka uku, kuma a hanya maganar dokar ta faɗi, saura gundarin: wanda ya auna ma ya ƙi ci.

Saniya ba ta san an daina saye ba. Safe da yamma Baba tana tatsa, ta sha abin da cikinta zai ɗauka, ta zuba wa karnuka, saura ta kwarara a gindin tumatir. Ciyawar hunturu kuwa ba da yabo ake sayenta ba. Da kaka ta yi, ta nemi mai sayen Sivka. Duk wanda ya ji sunan ƙauyen sai ya tuna yana da uzuri. Mahaucin cikin gari ne kaɗai ya saye ta bai yi tambaya ba, shi da yake ba wa kantin unguwar injiniyoyi nama.

Da wata ya zagayo Radostina ta zo da kwalbarta, ta tarar da turke a share. Ta zauna ta yi kuka, Baba ta ba ta kofi baƙi. Hukuma ta yi zama a kan matsalar, ta yanke cewa tunda babu saniya, daga yanzu ciyawa kawai za a riƙa aunawa. Ciyawa dai ba ta zuwa kasuwa. Tasha ta gyara bututunta ta ci gaba da ruri, an ce sufeto ya sami ƙarin girma, kuma ya cancanta.

Rannan na same ta tana ɓare wake a ƙofar gida. Na ce mata, "Baba, zan rubuta labarinki, duniya ta ji abin da aka yi miki, Penka ta rasa inda za ta sa fuska!"

Ba ta ɗago ba.

"Rubuta mana, tunda ba ka da aikin yi. Saniyar dai sun riga sun cinye ta."