Takardar Da Na Manne Cikin Leda

Har yau in na ji warin leda ta taɓa wuta, ko da daga gidan maƙwabta ne, sai in ga kaina a tsugune a wata rumfar wanki a Arlit, can arewacin Nijar, ina kallon dutsen guga yana sauka a kan takardar da zamana a ƙasar ya rataya a kanta. Na manta tituna, na manta fuskoki da yawa, amma wannan yini ɗaya ya ƙi barin raina, ban kuma ga alamar zai bar shi ba.

Ni Bakanuwa ce. Faransanci na karanta a jami'a, shi ya sa da wani ƙaramin kamfanin haƙar gwaji ya nemi wadda za ta riƙa juya masa rahotanni tsakanin Faransanci da Ingilishi, na ce zan je. A shekarun nan kowa maganar yuraniyam yake yi. Kamfanoni suna ta shigowa, ana ta huda ƙasa a wajen Imouraren, a daidai lokacin kuma tawayen Buzaye na biyu ya tashi a duwatsun Abzin. Mahaifiyata ta yi ta kuka. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, hamada nake son gani. Na karanta ta a littattafai har ta zame mini kamar wata ƙawa da ban taɓa haɗuwa da ita ba.

A gidan wata dattijuwa 'yar Tawa aka sama mini ɗaki. Mijinta ya yi aiki a mahaƙa har ya rasu, ita kuma ta zauna tana dambun zogale tana sayar wa ma'aikata. Inna nake ce mata. Ba ta da yawan magana mai laushi. In ta gan ni zaune a tsakar gida da yamma ina kallon sama da littafi a cinya, sai ta ce, "Ɗiyar ga, sama ba ta faɗowa. Taso ki ci abinci."

Baƙon da ya zo aiki sai da katin zama. Kafin katin ya fito daga Yamai, ana ba mutum takardar wucin gadi, wadda ake buga wa hatimi a baya duk bayan wata uku. Da aka ba ni tawa, farar takarda mai laushi da hotona a kusurwa, sai na ji tausayinta. A gidanmu duk takarda mai daraja shago ake kai ta a manne ta cikin leda da zafin inji. Ta haihuwata haka take, ta gama makaranta haka take. Na kai wannan ma aka manne ta, ta fito tana ƙyalli, na dawo ina jin daɗi kamar na yi wa jaririya kwalliya. Ban tambayi kowa ba. Ban ma juya bayanta na karanta abin da aka rubuta ba.

Da wata uku suka cika na kai wa magatakardan kamfaninmu, ya juya ta ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce hatimi ba ya zama a kan leda, amma kada in damu, katin gaske yana hanya, in ɗan jira. Na jira. Ana cikin haka aka tare wata mota a hanya, hankalin masu kamfani ya tashi, cikin kwana uku suka rufe sansani suka hau jirgi. Magatakarda ya tafi garinsu. Na wayi gari ba aiki, ba kamfanin da zai ce ni tasa ce, takardata kuma ta wuce wa'adinta da kusan wata guda.

A lokacin ba a fita daga Arlit yadda aka ga dama. Saboda nakiyoyi da 'yan tawaye, motoci ayari suke yi, soja a gaba soja a baya, har Agadas. Wanda zai tafi sai ya kai takardunsa an rubuta sunansa tun ana gobe. Na san tawa ba za ta wuce ba. Kwana biyar na yi a ɗaki ina ce wa Inna kaina ke ciwo. Kunya ce kawai. Yarinya mai digiri, mai juya rahotanni, ta rufe takardarta da hannunta.

A safiya ta shida Inna ta ɗaga labule ba sallama. "Ciwon kai ba ya hana mutum kallon ido," ta ce. "Mi kinka ɓoye?"

Na miƙa mata takardar na gaya mata komai. Ba ta iya karatu ba, amma ta juya ta gaba da baya, ta ƙwanƙwasa ta da farce. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta sauke tukunyar dambun da ta ɗora, ta yafa mayafi ta ce, "Gobe ayari na tashi. Tashi mu tai."

A ofishin da ke duba takardun baƙi muka samu wani jami'i siriri, mai furfura a gefen kai, da gani ya gaji. Ya karanta takardar a hankali, sannan ya yi mini bayani ba tsawa ba wasa. Ba zai iya sabunta ta ba, domin aikin da aka ba ni ita saboda shi ya ƙare. In na hau mota da ita haka, a shingen farko za a sauke ni, a tsare ni har sai an gama bincike, kuma a irin wannan lokaci baƙo marar takarda ba a gaggawar sakinsa. In an gama, a buga mini hatimin kora a fasfo a kai ni iyaka. Abu ɗaya ya rage a hannunsa: ya ba ni izinin fita na kwana bakwai. Amma dole a jikin wannan takarda za a buga shi, ba a wata ba.

"Ga hatimin nan a gabana, madmazel," ya ce, "amma ina zan sa shi? In na buga a kan leda, kafin ki kai ƙofa ya goge. Da la'asar nake rufe sunayen ayari."

Muka fito. Hatimin kora nake ta gani a idona, da fuskar mahaifiyata in ta ji an tsare ni. Na ce wa Inna ko mu samo almakashi. Ta harare ni. "Kin taɓa ɓare ta ki gani? Da rubutun duka take tahowa. Akwai mai aikin."

Mai aikin wani tsoho ne Badamagare, mai wanki da guga a bayan tasha. Shekara da shekaru yana goge kayan ma'aikata da dutsen guga na gawayi. Da ya ji ni Bakanuwa ce, sai fuskarsa ta washe, don tsakanin Damagarawa da Kanawa wasa ne tun kakanni.

"Allahu akbar," ya ce. "Yau baiwata ta kawo kanta. Ku Kanawa in an bar ku, har tuwo sai kun sa shi a leda kun ajiye wa jikoki."

"Baba, a taimake ni," na ce.

"A'a, ba Baba ba. Ce ubangijina."

"Kai tsoho, rana na tahiya," in ji Inna. "Ka iya ko ba ka iya ba?"

Ya daina dariya. Ya ɗaga takardar ya duba ta a hasken rana, ya daɗe. Ya ce ba ni ce ta farko ba, direbobi biyu sun taɓa kawo masa irinta, ɗaya ta yi, ɗaya ta lalace. Ya ce gaba ba zai taɓa ba, domin hoto da rubutu za su bi leda. Baya kawai zai buɗe. Ya kuma ce in faɗa da bakina cewa na yarda, don in ta yage kada in ce Damagaram ta ci Kano da yaudara. Na ce na yarda.

Ya rage gawayi daga cikin dutsen har sai da zafinsa ya yi daidai yadda yake so, yana gwadawa kusa da kuncinsa. Ya yanke bakin ledar da reza a gefe huɗu. Ya kifa takardar a kan bargo, ya rufe ta da farin ƙyalle, ya ɗora dutsen ya ƙirga a zuci, ya ɗaga. Sannan ya sa bakin reza ya ɗaga kusurwa ɗaya, ɗan kaɗan, kamar mai ɓare ƙwai ɗanye ba ya son fatar ciki ta fashe. Ya sake rufewa, ya sake ɗorawa. Haka ya yi ta yi. Hannunsa duk tabon ƙuna ne, amma ko rawa bai yi ba. Mutane biyu suka zo karɓar kaya, ya ce su dawo gobe, yau yana da mai jinya.

A tsakiya sai ledar ta kama. Na ga farin takarda ya fara bin ta, ɗan siriri. Na rufe ido na ce, "Shi ke nan." Ya ce, "Rufe bakinki dai, ido bar shi a buɗe ki koyi sana'a." Ya hura wurin, ya jira ya huce, ya koma ta ɗaya kusurwar. An yi kiran azahar bai gama ba. Sai da rana ta karkata sannan ledar ta rabu, ta naɗe kanta a gefe. Layukan da aka buga a bayan sun ɗan kwaile, amma takarda ce, farar takarda mai shan tawada. Na sa yatsa na taɓa ta, sai hawaye.

"Kada ki ɗiga a kai!" ya ce, ya fizge ta. "Na yi wahalar banza ke nan. Ki gaya wa mutanen Kano, Badamagare ne ya 'yanta ki."

Baburan kabu-kabu biyu muka hau muka koma ofis. Jami'in ya shafa bayan takardar da babban yatsa, ya ɗaga kai ya dube mu, na ga yana danne murmushi. Ya jawo hatimi, sai kuma ya tsaya. Ya ce saura abu ɗaya, amma wannan ba da ni zai yi maganarsa ba, da mai masaukina ne. Inna ta juyo ta ce, "Hita waje ki jira ni." Na fita na zauna a kan benci ina jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa. Ba a daɗe ba na ji ƙarar hatimi, ɗaya tak. Inna ta fito ta damƙa mini takardar da ɗanyar tawada. Na tambaye ta me ya ce. Ta ce, "Gaisuwa munka yi. Riƙe ta da kyau, kuma in kin ga shagon leda ki sauya hanya."

Washegari da safe ayari ya tashi. Inna ta ɗaura mini dambu a kwano, ta ƙi tsayawa har mota ta motsa, wai tukunya na jiranta. Motoci suka jeru kowace tana bin sawun tayar ta gabanta, ba mai kaucewa ko taki ɗaya. A cikin motarmu ba mai magana sai wata tsohuwa da ke jan carbi. Ga hamadar da na zo gani shimfiɗe har ƙarshen ido, amma ni takardar da ke ƙirjina nake ji. Sau huɗu aka sauke mu a shinge. Kowane soja ya juya bayanta, ya ga hatimi, ya miƙo mini. Na kwana Agadas, na kwana Damagaram, a rana ta uku na tsallaka iyaka da fasfona fes. Na yi ta ba da labarin tsoho mai guga a gida, ana dariya. Shi nake ɗauka gwarzon labarin. Inna kuwa nakan ce ta raka ni.

Bayan shekara takwas wata mata ta yi sallama a gidana a Kano. Ta zo sarin atamfa, ta nemi gidan da kwatancen da na bar musu. Ɗiyar Inna ce ta Tawa, wadda na sani a hoto kawai. Ta gaya mini Inna ta rasu bara. Da muka gama kuka muka ci abinci, sai ta dube ni ta yi dariya ta ce, "Ashe ke ce kinka cinye mini wankan jego."

Ban gane ba, sai ta warware mini. Tun daga ranar na daina yarda cewa akwai ƙofar da ke buɗewa don kanta. In abu mai wuya ya zo mini da sauƙi, nakan waiga in nemi wanda ya ɗauki nauyin, domin sau da yawa ba ya cikin waɗanda nake yi wa godiya.

Abin da jami'in ya nema a ranar shi ne wanda zai tsaya mini, ya ajiye katinsa na ɗan ƙasa a ofis har sai saƙo ya zo daga iyaka cewa na fita. Inna ta kwance nata daga bakin zane ta ajiye. A lokacin ba mai wuce shinge ba kati, ita kuma ta riga ta shirya bin ayarin mako mai zuwa ta tafi Tawa, domin ɗiyarta na da cikin fari wata tara. Saƙon iyaka bai iso Arlit ba sai bayan wata shida. Maƙwabciya ce ta yi wa ɗiyar wankan jego. Ranar da Inna ta fara ganin jikarta, yarinyar ta riga ta fara koyon zama.