Kunyar 'Yar Fari a Gidan Tarhil

Ina shekara ta uku a jami'a a Riyad aka kira ni tafinta a gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Na tafi ina ji da kaina, wai ni mai Larabcin littafi.

Matar da aka kira ni dominta 'yar Maraɗi ce, tana aikatau a wani gida a unguwar Suwaidi, iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta mutu tuntuni. Da aka kama ta, sai aka kai yarinyar da ke tare da ita, 'yar shekara shida, gidan renon yara. Yarinyar ba ta da takardar haihuwa. Ma'aikaciyar gidan renon ta faɗa ƙarara cewa ba za su miƙa ta ga wadda ba a tabbatar uwarta ce ba, don in aka yi kuskure alhakin a wuyansu yake. In ba a gamsu ba, matar za ta hau jirgi ita kaɗai.

Jami'in da ke duba lamarin, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce in tambaye ta ko 'yarta ce. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ake cewa." Na fassara yadda ta faɗa. Ya nemi sunan yarinyar, ta yi shiru tana murza bakin mayafi. Ya juya ga yarinyar da ma'aikaciyar ta kawo, wadda Larabcinta ya fi nawa zaƙi, ya tambaye ta wace ce wannan. Ta ce Yaya ce. Ni kuwa sarkin iyawa na yi caraf na ce ai ma'anarsa babbar 'yar'uwa. Dattijon ya ɗauki alƙalami.

Sai a lokacin na farga. Ni ma fa ɗan fari ne, har yau mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Na roƙe shi ya dakata, na yi masa bayanin kunyarmu: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna nata ne a gaban mutane, shi ma yakan tashi yana ce mata Yaya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, amma shiru ba ya rubutuwa. Dole sai ta faɗa da bakinta, sannan a yi gwajin jini.

Na ce, "Baiwar Allah, in ba ki faɗa ba, a nan za a bar ta."

Ta sake sunkuyar da kai. Sannan ta ɗago ta ce, "Ni na haife ta." Ta kira sunan yarinyar.

Ban fassara ba, ba wanda ya nema. Ban taɓa ganin mutum ya yi mini kwarjini kamar matar nan ba. Dattijon ya ce a ɗage tafiyarta har sakamako ya fito.

Yarinyar kuwa waige-waige take, tana neman wanda ya kira ta. Ta dubi ma'aikaciyar, ta dube ni, ta dubi ƙofa. Sai daga ƙarshe ta dubi uwarta.