Saurin Baba a Bayan Makara

Mahaifina bai taɓa yarda cewa dattijo yana sauri ba. A wurinsa, duk wanda ka gani yana zabga tafiya a titin Yamai, ko dai ɓarawo ne, ko ciki ne ya murɗa masa. Shi kuwa mai sayar da yadi ne a unguwar Maourey, ga tumbi ga babbar riga, ko masallacin Juma'a za shi sai ya hau ɗan babur ɗinsa, mobilet.

Shekarar da fari ya tsananta, sojoji na kan mulki, yayan Baba ya yanke jiki ya faɗi yana alwala a gidansa na unguwar Talladjé, rabin jikinsa ya shanye. Da Inna ta ga yadda ake juya shi kamar jariri, sai ta hana Baba sakat har ya yarda na kai shi likita. Lokacin ina sabon ma'aikaci a biro, wato ofis.

Lokotoro ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya matsa, ya ɓata fuska.

"Alhaji, tansiyo ya hau, hawan jini ke nan. Jijiyar jini kamar tiyon roba take. Tana sabuwa, duk bugun zuciya sai ta buɗe ta koma. In shekaru suka ja sai ta yi tauri, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfin tsiya. Ga magani, amma kullum ka yi tafiya da sauri har ka yi gumi. Tafiyar ce ke rage mata taurin."

"In ban yi ba fa?"

"Ka dai ga yayanka."

Muna fitowa Baba ya dube ni. "Ni soja ne?" ya ce, don su kaɗai ya sani suna gudu da asuba suna waƙa.

Tsoro dai ya fitar da shi, amma unguwa ba ta bar shi ba. Ba ya wuce ƙofa biyu sai an tare shi da gaisuwa, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a jajanta fari, a jawo masa tabarma. In ya kuɓuta, sai mai taksi ya ci birki: "Haba Alhaji, ina da rai ka taka ƙasa? Shigo." Ƙin shiga kuwa raini ne. Sau da yawa a mota aka dawo mana da shi, goshinsa a bushe.

Daga nan magana ta zaga cewa Alhaji ya karye har ya sayar da mobilet. Wata maƙwabciya mai kirki ta aiko da jar dawar agaji, irin wadda sojoji ke rabawa, a rufe da faifai don kada a gani. Ban taɓa ganin abin da ya ƙona wa Baba rai kamar kwanon nan ba. Ya ce ya bar tafiya, gara ya mutu da mutuncinsa.

"Mutuwa da sauƙi, Alhaji," in ji Inna. "Kwanciyar nika tsoro. Ba ni da bayan juya ka."

Wata safiya na goyo Baba a mobilet daga dubiyar yayansa, sai muka haɗu da makara. Mutanen arewa ne da fari ya koro, waɗanda suka kafa bukkoki a bayan Talladjé. Masu ɗaukar gawar ramammu ne, kuma babu mai canza su. Baba ya daki kafaɗata ya ce in tsaya. Ya tattare riga, ya sa kafaɗa a kusurwa ɗaya. Ita gawa ba a jan ƙafa da ita, hanzari ake yi. Ina biye ina tura mobilet, na ga babu wanda ya tare shi da gaisuwa, masu taksi kuma ratsewa suke yi su ba da hanya. Ya dawo gida sharkaf.

Tun daga ranar ya ce wa limamin bukkokin ya riƙa aiko masa duk ran da aka yi rasuwa. Abin baƙin ciki, a shekarar nan aiken bai yanke ba. In na ga ya ɗauko takalmi nakan ce, "Baba, yau akwai shan magani ke nan?"

"Ka ji tsoron Allah. Lada nika nema."

"Lada da gumi dai," Inna za ta ce daga madafa. Amma ita ce ke naɗe masa farin yadin da yake yankowa daga shago, don kada a rasa likkafani.

Ruwa ya dawo, saurin bai bar ƙafarsa ba. Tumbi ya sauka, lokotoro ya auna ya gyaɗa kai. Ko shago za shi, mutanen Maourey sai su kauce su ce Allah ya jiƙan Musulmi, shi kuma ya amsa da amin bai tsaya ba.

Ya yi tsawon rai, kuma Inna ba ta taɓa juya shi ba. Ranar da ya rasu, sai ga wasu mutane da ban sani ba sun cika ƙofar gida. Suka ce su ƴaƴan mutanen bukkoki ne, Baba ya ɗauki iyayensu. Suka karɓe makarar daga hannunmu, suka ɗauke shi da irin tafiyarsa.

Lokacin ni ma na yi tumbi, jijiyoyina sun sha kujerar biro. Na yi ta haki har jama'a suka ba ni rata mai yawa, ina hango su can gaba, hawaye da gumi sun haɗe mini. Wani mai taksi da bai san tare nake da su ba ya ci birki kusa da ni.

"Haba Alhaji, shigo mana."

Na girgiza masa kai, na tattare riga, na bi Baba da ƙafa.