Ma'aunin Inji

A masana'antar sabulun ba mai kiransa da sunan yanka, Inji kowa ke ce masa. Aikinsa ya jera sabulu a kwali, ya rufe, ya manne, ya tura gaba. Ya shigo yana saurayi da buri guda: ya zama heluma, shugaban ma'aikatan ɗakin, mai farar riga da kujera a gindin fanka. Ya yi imani hannunsa ne zai kai shi. In an kaɗa ƙararrawar hutu kowa ya baje a inuwa, shi yana tsaye, burodi a baki, hannu na tafiya.

Wata rana manaja ya tsaya a bayansa yana duban agogo, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Irinku muke nema." Washegari aka sanar cewa abin da Inji ke cikawa a yini shi ne ma'aunin kowa. Wanda ya gaza ya nemi wani wurin.

Kafin wata ya ƙare an sallami dattijuwar da ta koya masa naɗe kwali. Sauran suka daina matsa masa wuri a benci.

"Sannu, ɗan masu gida," in ji mai tura amalanke. "Ranar rabon gadon kamfani ka tuna da mu."

Da kujerar heluma ta zama ba kowa, ya sa rigarsa mai kyau ya shiga ofis. Manaja ya yi dariya har da buga tebur.

"Haba, Inji! In na zaunar da kai, wa zai cika mini kwalaye?"

Ya dawo gida yana maimaita maganar da alfahari. Matarsa na tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Maigida, shi yabon nan dafawa ake yi ko soyawa?"

Ya ƙara himma. Shekaru suka shige, an sauya heluma, an sauya manaja, shi yana nan a bakin teburinsa. Sabulu ya cinye fatar yatsunsa, wuyan hannu ya fara kumburi, sai ya ɗaure da tsumma ya saki hannun riga a kai. Kwalayensa suka ragu. Ya daina zancen kujera, ya koma roƙon Allah ya bar masa teburin.

Sabon heluma, sa'an ɗansa na fari, ya kira shi gefe cikin ladabi.

"Baba, ba ka kai ma'auni. An ce yau ce ta ƙarshe."

"Yaro, ma'aunin nan ya yi wa ɗan Adam yawa."

"To, baba, mu dai an ce mana wani ma'aikaci ne ya kafa shi a nan ɗakin, kuma bai taɓa ƙorafi ba."

Inji ya juya ya nufi waje. A bakin ƙofa mai gadi ya laluba aljihunsa, ko ya ɗauki sabulu.