Jan da Idona Bai Gani Ba

Kai mai karatu, kafin ka ce Allah ya jiƙansa ka wuce, tsaya ka ji gargaɗina. Kada ka yarda da idonka a kan ciwo. Ni na yarda da nawa, shi ya sa nake wannan rubutu a ɗakin da babu mai amsa mini magana.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran mijina, uban 'ya'yana huɗu, telan da ke shagon bakin layinmu. Shekara talatin da ɗaya muna tare.

Baban yara, kai ne ka sa mini suna Duba-gari, saboda ba na barin kowa ya zauna cin abinci sai na duba farcensa. Kakan shigo da yamma ka miƙo mini hannuwanka biyu kamar ɗan makaranta, ka ce, "Ranki ya daɗe, na ci jarrabawa ko in koma famfo?" Yara su yi ta dariya, ni kuwa in ɗaure fuska. Yau ina gaya maka, ni ma dariyar nake yi a ciki.

Ba ka taɓa ɗinka wa yaro riga ba tare da ka bar kalmasa mai faɗi ba. Kakan ce yaro girma yake yi, uwarsa ta warware ta ƙara masa shekara guda. Ranar zaman makoki wata mata da ban sani ba ta zo ta nuna mini bakin rigar 'yarta, layin ɗinki uku, kowane na shekararsa. Duk rigar da ka ɗinka mini kuma sai ka ɓoye mata aljihu daga ciki don tabarauna, tun da kullum ina nemansa ina zargin yara. Ba ka taɓa ce mini ni ce mai mantuwa ba. Aljihu kawai ka yi.

Ciwon suga ya kashe maka jin tafin ƙafa, har ka taka allura a shago ka wuni ba ka sani ba. Ni na ga jini a safarka wajen wanki. Ramin bai kai ƙwayar wake ba. Na wanke shi da ruwan gishiri safe da yamma, kwana tara, sannan babbar 'yarmu ta matsa muka je asibiti.

A ɗakin wankin ciwo muka samu wata nas, doguwa, mai ƙarancin magana. Ta ja labule, ta kashe wuta da rana tsaka, ta ɗauko wata na'ura da ba ta fi wayar hannu girma sosai ba. Ta haska ƙafarka da wani haske shuɗi, ba ta ko taɓa fatar ba. A allon na'urar fatarka ta fito koriya, amma gefen ramin ya kewaye da ja kamar garwashi.

"Mama, kin ga jan nan?" in ji ta. "Ƙwayoyin cuta ne suka taru. Hasken ne yake tona su."

Na ce, "'Yar nan, da hannuna nake wanke ciwon nan sau biyu a rana."

Ta ce, "Na ga alama, Mama, kin iya wanki. Amma waɗannan ido ba ya ganinsu."

Kai kuma daga kan gado ka ce, "Yau dai an samu mai duba Duba-gari."

Ta yi murmushi, ni ban yi ba. Ta kankare inda jan ya nuna, ta sake haskawa, ya ragu. Ta ce mu riƙa zuwa duk mako har ranar da allon zai fito babu ja ko kaɗan. Ta maimaita sau biyu, tana kallona.

Mun je sau uku. Kowane zuwa jan yana raguwa, kowane zuwa kuma ina jin kamar ƙazantata ake nunawa a allo a gaban yarinyar da na haifi sa'arta. A mako na huɗu ciwon ya bushe ya yi ɓawo, babu ruwa, babu wari. Ka ɗauko hularka ka ce, "Duba-gari, yau ranar zuwa haska ƙafa ce fa." Na ce, "Ina da ido. Ya warke." Ka tsaya a bakin ƙofa kana juya hular. Kai ba mai musu ba ne, ba ka taɓa zama ba. Ka sa safa ka tafi shago ka hau keken ɗinki.

Bayan kwana goma sha biyu zazzaɓi ya kwantar da kai, ƙafa ta kumbura. Da muka koma, nas ɗin ta ɗaga ɓawon ta haska. Ban san ja yana iya yin yawa haka ba. Ba ta ce mini ai na gaya miki ba, kujera ta jawo mini. Likita ya ce cutar ta riga ta shiga jini. Kwana shida ka yi. Ko sau ɗaya ba ka ambaci ranar hular ba. Abin da ka ce kawai, in mayar wa mutane yaduddukansu da ke shago, ka lissafa mini na kowa.

Masu gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Amma ban yarda kowa ya ɓoye girman kansa a bayan ƙaddara ba, ban kuma yarda wa kaina ba. Na raini 'ya'ya huɗu a kan cewa mai laifi ya faɗi laifinsa da bakinsa. To, ga nawa.

Yanzu baƙi sun watse, yara sun koma gidajensu da makarantunsu. An dawo da kekenka gida, yana lungun falo a lulluɓe. Da yamma har yanzu ina ɗebo ruwan wanke hannu na mutum biyu, sai in zubar da rabi. Jiya na nemi tabarauna na rasa wanda zan zarga. Yana cikin aljihun.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Allah ya ba mahaifiyarka da ƙannenka da 'ya'yanmu haƙuri. Nas ɗin nan, Allah ya saka mata da alheri. Ni kuma Allah ya yafe mini, kai ma ka yafe.

Na tara yaran kafin su tafi, na kafa doka. A gidan nan, duk wanda ya ji ciwo zai nuna shi a ranar, ba a rufe shi da safa. Babu ciwon da ya warke sai an haska shi an ga babu ja. Idan kuma ni ce na ce ya warke, kada wanda ya saurare ni.