Dutsen da Direba Ya Kawo Gida

Tun yana saurayi yake jan babbar mota, har gemunsa ya yi fari, shi ya sa kowa a unguwa Direba yake ce masa, har jikokinsa. Siminti yake ɗauka ya haura da shi ta kan duwatsu, ya dawo da buhunan albasa. Mutum ne mara yawan magana, amma in ya dawo daga tafiya ya cire takalmi, labari ɗaya ne a bakinsa: wata kwanar hanya can saman dutse, inda da sassafe hazo yake kwanciya a ƙasa da hanya, kawunan duwatsu su leƙo ta cikinsa.

Matarsa, wadda yara ke kira Inna, ba ta taɓa zuwa ba. Mota na juya mata ciki, ko kasuwa a ƙafa take zuwa.

Da idonsa ya fara rauni, likita ya ce ya haƙura da tuƙi. A tafiyarsa ta ƙarshe ya tsaya a kwanar nan, ya zuge gilashi, ya ɗauki hoto da wayarsa. Yana isowa gida ya miƙa wa Inna.

Ta juya wayar sama, ta juya ta ƙasa. "Malam, wannan ai bangon da ba a yi wa fenti ba ne."

Ya yi dariya, ya mayar da wayar aljihu, amma abin ya tsaya masa a rai. Autarsu, wadda ke aiki a shagon wanke hotuna, ta lura. Washegari ta ce, "Baba, zo ka raka ni shago."

Ta jawo masa kujera gaban kwamfuta, ta buɗe hoton. Gaskiyar Inna ce. Hoton ya karkace, madubin gefen mota ya cinye kusan rabinsa, wayoyin lantarki sun ratsa ta sama, sauran kuma toka-toka. Auta ta fara miƙar da shi, ta yanke saman da wayoyin suke. Da ta jawo layin yanka zuwa kan madubin sai ya riƙe mata hannu.

"Bar min wannan. Abin da ya rage min na motar ke nan."

"Baba, in yana nan ido kansa yake fara sauka, ba ya ƙarasawa dutsen. Amma na ajiye maka na asalin, ba abin da zai taɓa shi."

Ya shafa gemu. Can ya ce, "To, yanke."

Daga nan ta ƙara wa duwatsun kusa duhu, ta bar na nesa da haskensu. Sannu a hankali suka fara fitowa, wani bayan wani, hazon ya yi fari sol a tsakaninsu. Ta tambaye shi ko ranar akwai rana, ya ce tana dai shirin fitowa, sai ta ɗan sa ja-ja a gefen gabas.

"Ya isa haka," ya ce. "Nan ne."

Aka wanke shi babba, aka sa a firam. Shi ya rungumo shi har gida, ya ƙi yarda kowa ya taya shi.

Inna ta goge hannu a zani, ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗora yatsa a ƙasan hoton. "Wannan matar fa? Ga ta can da itace a ka."

Ya matso, ya ƙanƙance ido. Lallai akwai wata siririyar hanya a jikin dutsen, da mutum a kanta. Duk shekarun nan bai taɓa lura da hanyar ba.

"Allah sarki, cikin wannan sanyi," in ji Inna. "Allah ya sa ta isa gida lafiya."

A falo ya so a rataye shi, inda baƙi za su gani. Kafin ya dawo daga nemo ƙusa, Inna ta kai shi ɗakinta, ta jingina shi saman keken ɗinkinta.

"Hoton nawa ne fa," ya ce daga bakin ƙofa.

"Wa ya hana ka? Yi sallama ka shigo ka gani."

Tun daga ranar, kullum da hantsi a ɗakinta yake shan shayi, tana ɗinki yana ba ta labarin hanya.