Shekarar da Kawu Ya Makara Shuka

Kawuna, yayan mahaifiyarmu, manomi ne a Ruwan Godiya, kuma tun da ya iya riƙe sungumi shukar fari ba ta taɓa wuce shi ba. Mutanen unguwa ba su wahalar da wuyansu wajen duban sama. Ƙofar gidanshi suke dubawa, in ya fito da ƙoƙon iri, to damina ta tsaya. Ba shi da wani abin alfahari da ya wuce wannan.

A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, har mai ƙuli-ƙuli na ɗaura agogo hannu biyu, yayana ya samu kwangilar kwalbati ya sayi akori-kura sabuwa fil. Mota ta hana shi zama. Ya ce sai ya kai ta bakin teku ya ga inda ƙasa ta ƙare. Ni ban jira a tambaye ni ba. Kawu ne ya ba mu aiki kafin ya yarda ya bi mu, don bazara ta yi nisa.

"Hadari bai ko leƙo ba, Kawu," in ji Yaya. "Mu je mu dawo, irinku na cikin rumbu bai san kun fita ba."

Kawu ya dubi gabas ya daɗe, sannan ya shiga ya ɗauko buta da buzu.

Mun fara yada zango a kufan tsohuwar Birnin Gwari. Ganuwa ta zube ta zama tudu, kukoki sun tsaya inda gidaje suke a da, ga ramukan marina sun cika da ganye. Yaya ya hau tudun yana ba mu tarihin yaƙe-yaƙen da na tabbata a nan take ya ƙirƙire su, ni kuma ina ƙara mashi dawakai. Muka waiga, sai ga Kawu a tsugune ya damƙi ƙasa yana shinshinawa.

"Wanga wuri aka bari kwance? Dawa a nan, sai da tsani za ka kai zangarniya."

Muna haye gadar Jabba ruwa ya tare mu, irin wanda ko hancin motar ba ka gani. Da ya ɗauke, sai ga masara a bakin hanya ta kai gwiwa. Kawu ya bi masarar da kallo. Can ya ce, "Ruwan ga ina ya nufa?" Na ce ai na Yarabawa ne, bai jin Hausa, ba zai je mana ba. Bai yi dariya ba. Daga nan duk gidan man da muka tsaya sai ya nemi direban da ya fito arewa ya tambaye shi ko an yi ruwa Funtuwa. Wani ya ce an yi, wani ya ce ko yayyafi.

A Badagiri muka sauka zangon Hausawa. Wani mai goro da bai daɗe da barin Faskari ba ya ce iska ta juya, hadari na haɗuwa kullum da la'asar. Yaya ya ga fuskar Kawu, ya ce, "Mu gaida teku kawai mu juya. In na taka mota, ruwan ma sai ya biyo bayanmu."

Muka ratsa itatuwan kwakwa muka fita fili. Sai ga teku a gabanmu. Ruwa ne ya tashi daga ƙafarmu ya tafi har ya haɗe da sama, yana zuwa yana komawa, yana huci. Masunta sun yi layi suna jan wata igiya da ƙarshenta ke cikin ruwa.

Yaya ya fara kaɗa makulli. Kawu ya cire takalmi, ya shimfiɗa buzu ya zauna.

"Kawu, shuka fa," in ji Yaya.

"Na ji."

Ya daɗe a zaune. Daga baya ya tashi, ya naɗe hannun riga ya kama igiyar nan a bayan wani tsoho sa'anshi. Ba mai jin yaren wani, amma suka ja tare har taru ya fito yashi, kifi na tsalle. Ya dawo wandonshi sharkaf, ya ce wa Yaya ya mayar da makulli aljihu, gobe ma rana ce.

Da muka iso gida, tun daga Sheme muka ji ƙamshin ƙasa. Geron maƙwabta ya tsiro layi-layi, gonar Kawu kaɗai ce fayau. Maƙwabcinshi, wanda ya tsufa yana bin bayanshi a shuka, yana zaune bakin hanya kamar an ajiye shi.

"Malam, sannu da yawo. Mun jira ku har iri ya fara ƙorafi. Halan can kuka yi taku shukar?"

"Can ba su shuka," in ji Kawu. "Girbi kawai suke yi, kullum."

Da ruwa na biyu ya sauka, ya ɗauki sungumi ya fita, shi kaɗai a duk faɗin karkarar. Na bi shi da ƙoƙon iri, yana sara ina zubawa. Mun kai tsakiyar gona ya tsaya ya ce in tambayi Yaya, in za a koma, a bari sai bayan girbi.